Daga gona zuwa Ɗan Isa

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Kayan da take saye daga ƙasashen nesa, da wanda take sayarwa can, sai sun ratsa ƙasar wani kafin su ga jirgin ruwa. Daga Maraɗi zuwa Kwatano ya fi kilomita 1000. Kuɗin mai da na direba da na duwan, duk bisa buhu suke hawa.

Ƙasar Madarumfa ta yi sa'a. Hanyar kwalta da ta fito daga Maraɗi ta ratsa ta, ta bi Ɗan Isa, ta shiga Jibiya, ta wuce Katsina da Kano. Hanyar tsohuwa ce. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, ta nan aka riƙa kai gyaɗar Maraɗi bakin dogo, daga can sai Ikko, sai Turai. Da wannan ciniki birnin Maraɗi ya girma.

A shekarar 2021 an aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya. Abin murna ne. Amma jirgi ba ya shiga gona.

Manomin da ke bayan Gulbi, waken da ya noma ba kan kwalta yake ba. Amalanke zai ɗora shi, shanu su ja cikin rairayi. Da damina kuwa, in Gulbi ya kawo, ƙauyen ya yanke ke nan. Wake yana jira, amma tumatir da kifin tabki ba su san jira ba. Ɗan kasuwa ya san haka sarai. Sai ya zo har gida ya taya yadda ya ga dama, manomi ya sallama don dole. Ribar ketare iyaka ta tafi ga mai mota.

Saboda haka, in ana zancen dogo da manyan motoci, ya kamata a yi zancen hanyar tsakuwa da ƙananan gadoji a lokaci guda. Ba su da tsada kamar dogo, ba a kuma yi musu babban buki ranar buɗewa, shi ya sa ake mance su. Amma da su ne mutumin ƙauye zai kai buhunsa Ɗan Isa da kansa, ya ji kuɗin da ake sayen sa a Jibiya.