Matuƙin da ya dace da samfurin jirgin 1925

Malamin da ke son ɗalibansa a Dutse su ƙera samfurin jirgin sama, wato ƙaramin kwafi mai bin ma'aunin na gaske, ya kamata ya fara da DH.9A, irin jiragen sojan Birtaniya uku da suka taso daga Masar suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Mazaunin wannan jirgi a buɗe yake, saboda haka mutum-mutumin matuƙi da na abokinsa na baya ido zai fara gani, kuma wajibi ne su sa hular fata da tabaran kare iska, domin kwalkwalin matuƙan yau zai gurɓata tarihin. A ma'aunin 1:48, inda santimita ɗaya ke wakiltar 48, tsayin mutum ba ya kai santimita huɗu.