Kafin ka yi wa tsohuwar Bosuwaja fenti

1/ Jama'a ku gyara zama, zaren yau yana da ɗan tsawo. Wata huɗu ke nan da na sayi tsohuwar Volkswagen Beetle, wadda iyayenmu ke kira Bosuwaja, wasu kuma kunkuru. Tun ranar da na ɗora hotonta, tambaya ɗaya ke ta shigo min: "Wane kala za ka yi mata?" To ga amsata. 🧵

2/ Ban yi mata fenti ba, kuma ba zan yi ba sai ƙarshe. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya sayi tsohuwar mota mai injin da iska ke sanyayawa, ya fara kai kuɗinsa wajen mai fenti, to ya sa kuɗinsa da motarsa, har ma da ransa, a caca. Bari in faɗi dalili.

3/ Da farko mu san me muke riƙe da shi. An ƙera Beetle sama da miliyan 21 a duniya. A 1972 ta wuce Ford Model T a yawan ƙira. Ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Mexico a Yulin 2003. Nan gida kuwa, a 1975 aka fara haɗa ta a Legas, a masana'antar Volkswagen da ke Ojo, kan hanyar Badagry.

4/ Lokacin ya zo daidai da ƙarin albashin Udoji, shi ya sa idan ka buɗe tsofaffin hotunan gida za ka ga malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati ya jingina da ita yana murmushi. Ma'ana, wadda za ka samu yau a wani kango ko ƙarƙashin bishiya tana iya kai shekara 40 ko 50. Ta girme ka, ka girmama ta.

5/ Ni ma na kusa yin kuskuren. Har na zaɓi kala, ruwan bula mai haske, na yi magana da mai fenti. A sati na farko ina zagaye da ita a unguwa sai na riƙa jin warin fetur. Na ce ai tsohuwar mota ce, haka warinsu yake. Allah Ya taimake ni, wani abokina ya kai ni wajen wani dattijon makaniki.

6/ Baba ya buɗe murfin injin da ke baya, ya kama tiyon fetur ya ɗan lanƙwasa shi. Wallahi sai ga shi ya tsage kamar busasshen ganye, fetur na ɗiga dab da wayoyin fulogi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan motar za ka yi wa fenti? Fentin gawayi kake so ka yi." Jikina ya yi sanyi.

7/ Don haka abu na ɗaya: wuta. Gobarar inji tsohuwar cuta ce a waɗannan motoci. Tankin mai yana gaba, injin yana baya, tiyoyin roba ne ke haɗa bututun. Roba ta tsufa, ta tsage, fetur ya zuba kan inji mai zafi. Kuma kwankwason injin da magnisiyam aka yi shi, ƙarfen da idan ya kama wuta, ruwa sai dai ya ƙara masa.

8/ Maganin bai kai kuɗin galan ɗin fenti ɗaya ba. Canza duk tiyon fetur, daga ƙasan tanki har zuwa kafireto. Nemi mai daidai girman bututun, wajen milimita 5.5 ne, saboda wanda ya fi shi faɗi zai yi sako-sako. Ka ɗaure kowane baki da kilif. Ka duba ɗan bututun tagullan da ke shiga kafireto, yakan sukurkuce ya fice.

9/ Sannan ɗaga kujerar baya. Batirin motar a ƙarƙashinta yake. Idan babu murfi a kan batirin, kuma kujerar ta lotsa, mutum mai jiki na zama ƙarfen kujerar zai taɓa kawunan batir. Sauran labarin ka san shi. Ka sa murfi, ka ɗaure batirin, ka sayi abin kashe gobara ka ajiye inda hannunka zai kai.

10/ Abu na biyu: birki. Kafin ka damu da yadda za ta gudu, ka damu da yadda za ta tsaya. Yawancinsu birkin ganga ne, kuma motar da ta daɗe a ajiye man birkinta ya sha danshi, robobin ciki sun mutu. Tiyon birki yakan kumbura ta ciki alhali a waje yana nan kamar lafiyayye. Canza su duka huɗun.

11/ Taya ma haka. Kada zanen taya ya ruɗe ka. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2310, mako na 23 ne a 2010. Wannan ta gama aiki ko da ba ta taɓa taka titi ba. Kuma ka tsaya a kan mai faci: gaba wajen 18, baya wajen 27. Gabanta ba nauyi, idan ya cika mata iska za ta riƙa rawa a titi.

12/ Abu na uku, kuma nan ne zuciyar maganar: wannan injin ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa. Iska da baƙin mai ne kawai ke sanyaya shi. Fanka ce a cikin wani akwatin kwano take zuƙo iska ta tura kan silinda huɗun da kawunansu. Duk abin da ya taɓa wannan iskar ya taɓa ran injin.

13/ Fambel ɗaya ne ke juya dainamo da fankar tare. Saboda haka idan jar fitilar caji ta kama kana tafiya, kada ka ce "batir ne, bari in ƙarasa gida." Mai yiwuwa fambel ne ya tsinke, fanka ta tsaya. Mintoci kaɗan sun isa injin ya dahu. Ka faka nan take. Ka riƙa yawo da fambel na ko-ta-kwana.

14/ Waɗancan kwanukan da ke zagaye da injin, da robar da ke bin gefensu, ba ado ba ne. Su ne ke raba iska mai sanyi ta sama da zazzafar iskar ƙasa wadda ta fito daga injin da salansa. Tawa kwano uku suka ɓata. Wani ya cire a wani gyara ya ga "ba su da amfani" bai mayar ba. Injin yana ta shaƙar zafinsa da kansa.

15/ Ku tuna inda muke fa. A Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yana wuce digiri 40. Motar da aka cire wa kwano tana iya lallaɓawa a sanyin Jamus, nan kam ba za ta yafe maka ba. Mun yi sati uku muna neman kwanukan nan a wajen masu tsofaffin kaya. Babu wanda zai gan su a hoto, amma su ne motar.

16/ Sai bawul. A yawancin injinan zamani ba ruwanka da su. A nan dole a saita su da hannu, tazarar milimita 0.15, kuma sai injin ya yi sanyi ƙalau, wato ya kwana ba a tayar ba. Idan bawul ya matse, ba ya zama sosai ya sauke zafinsa, sai ya ƙone. Wani lokaci kansa ya karye ya faɗa kan fistin, shi ke nan an tafi sauke inji.

17/ Ka fi sa ido a kan silinda ta 3, ta hagu ta ciki idan kana tsaye a bayan motar. A tsofaffin injinan, abin sanyaya baƙin mai yana tare mata iska, sai ta fi sauran zafi. Daga wajen 1971 aka sake masa wuri a sababbin injina. Baba ya ce idan bawul ɗin nan yana yawan matsewa, gargaɗi ne yake maka.

18/ Baƙin mai: lita 2.5 kacal take sha, kuma ba ta da filta irin ta motocin yanzu, ɗan rariya ne kawai a ƙasa wanda noti shida ke riƙe da murfinsa. Don haka juye duk kilomita 5,000, a wanke rariyar. A ƙurar hunturu ni ba na ma jira ya kai haka. Mai kaɗan ne, kuma aikin ruwa da na mai duka shi ke yi.

19/ Tsarin saiti kuma yana da jeri. Bawul tukuna, sai kwantak, tazarar milimita 0.4, sai lokacin wuta, sannan a ƙarshe kafireto. Yawancinmu daga ƙarshe muke farawa. Mota ta yi tari, a kama sukurun kafireto a yi ta murɗawa. Alhali idan lokacin wuta ya yi gaba da yawa, injin zai yi ta zafi kana jin daɗin ta ƙara gudu.

20/ Abu na huɗu: tsatsa. Nan ne fenti ke yin babbar ƙarya. Ɗaga shimfiɗar ƙasa, duba inda batir yake, duba ƙasan ƙofofi inda bututun ɗumi ya bi, saboda su ne ke riƙe da gangar jikin. Ka zo da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne, cike ne aka shafe. Fenti a kan tsatsa, damina ɗaya zai kumbura.

21/ Tun da kujerar baya a ɗage take, duba lambar shasi da aka buga a kan doron tsakiya, ka gwada da ta takardun. Tsohuwar mota ta bi hannaye da yawa, wata ma ta gado ce da ba a raba ba. Kada ka zuba kuɗinka a motar da gobe wani zai zo ya ce ta babansu ce, ba su sayar ba.

22/ Na san abin da wasu za su ce: "Fenti ma ai kariya ne daga tsatsa." Gaskiya ne. Inda ƙarfe ya fito tsirara, a kankare a shafa firema, a rufe motar daga ruwa. Wannan kariya ce, kuma da arha. Amma cikakken fenti kafin a gama walda da sauke inji, biya biyu ne. Kowane gyara sai ya ƙwarzane shi.

23/ Wasu kuma: "Cire injin kawai ka sa na zamani, ka huta." Motarka ce, kuɗinka ne. Amma ka yi tunani: ina za ka sa lagireto a motar da ba a yi mata wurinsa ba? Tiyon ruwa daga baya zuwa gaba, yanke-yanke, ƙarin nauyi a baya, ga birkin da ba a yi don wannan gudun ba. Ka rasa Bosuwaja, kuma ba ka samu Corolla ba.

24/ Sai masu cewa ɓarnar kuɗi ce gaba ɗaya. Ku ma kuna da taku gaskiyar. Ba ta da jakar iska ta kariya, ba ta da sanyi, ba ta da birkin zamani, tankin fetur yana gaban gwiwoyinka. Ba zan ɗauki iyali a cikinta in hau hanyar Kaduna zuwa Abuja da dare ba. Idan mota ɗaya kake iya riƙewa, wallahi kada ka fara da wannan.

25/ To me ya sa na saya? Saboda ita ce mota ta farko da na fahimta. Da sifana, sukundireba da siraran ƙarafan auna tazara, ni da ban taɓa riƙe sifana ba yanzu ina saita bawul da kaina ranar Asabar da safe. Motar zamani idan ta kunna fitila sai a jona kwamfuta. Wannan da kunne da hanci take maka magana.

26/ Kuma ga abin da ya fi damuna. Masu jin wannan maganar suna ƙarewa. Baba ya tsufa, idonsa ya fara rauni, yaran garejinsa babu mai sha'awar koyon kwantak. Kayan gyara kam ana samu, har yau ana ƙera su a waje. Amma kunnen da zai ji ƙarar inji ya ce "bawul ɗin uku ne" ba a yin odarsa ta intanet.

27/ Shi ya sa nake cewa kuɗin farko na dattijon makaniki ne. Ka biya shi da kyau, kada ka tsaya ciniki kamar kana sayen tumatir. Ka zauna kusa da shi, ka yi tambaya, ka ɗauki bidiyo idan ya yarda. Idan kana karanta Turanci, nemi littafin John Muir na 1969, How to Keep Your Volkswagen Alive, don irinmu 'yan koyo aka rubuta shi.

28/ Ga jerin a taƙaice, ku adana:
Takardu da lambar shasi.
Tiyon fetur, batir, abin kashe gobara.
Birki da taya.
Fambel, kwanuka, baƙin mai.
Bawul, kwantak, lokacin wuta, kafireto.
Walda da maganin tsatsa.
Kujeru da wayoyi.
Sannan fenti.

29/ Motata har yanzu kala uku ce: tsohon fari, jan firema, da ƙofa ɗaya kore da muka samo daga wata. Yara na min dariya a danja. Amma jiya na yi tafiyar awa ɗaya da rana tsaka, na tsaya na zaro sandar auna mai, na riƙe ta da hannu ba ta ƙone ni ba. Baba ya ce, "Yanzu ka yi mota, ɗana."

30/ Idan akwai irinta a gidanku tana kwance a ƙarƙashin dalbejiya, kafin a kira 'yan gwangwan ku turo hotonta a nan. Wanda kuma ya san dattijon da ke gyara su a garinsu, ya faɗi garin, mu san inda suka rage. Masu tambayar kala kuwa, ruwan bula yana nan, sai bayan damina in sha Allah.