Motar Yau Ba Fijo 504 Ba Ce

A bakin kasuwar Sara na ga wata Corolla ta ƙi tashi. Aka aro batirin wata motar aka ɗaura mata, ta tashi, sai aka zare shi injin yana aiki, aka mayar da nata. Kowa ya yaba wa mai gyaran. Ni kuwa gabana ne ya faɗi.

Wannan dabara gadon zamanin Fijo 504 ce, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ba ta da kwamfuta a cikinta. 'Yan Kwatanon da ke zirga-zirga tsakanin Birnin Kudu da Gwaram a yau kuwa, kwamfuta ce ke sarrafa musu mai da wuta. Kuma aikin batir bai tsaya ga tayar da mota ba, shi ne ke daidaita wutar altaneta, kimanin volt 14. Idan aka zare shi injin yana juyawa, wutar kan yi tsalle ta ninka haka cikin ƙiftawar ido, ta iya ƙone ƙwaƙwalwar motar.

A ganina rabin laifin namu ne, masu gaggawa. Batirin da ya yi sanyi, a kashe mota, a fara kwance kan baƙar waya, a kai shi wurin mai caji ya sha wuta a hankali, ko da zai kwana. In kuwa tafiyar ta matsa, a jona da waya batirin yana mazauninsa: ja da ja, baƙar ƙarshe a jikin ƙarfen inji.