Lokaci ya yi da Jami'ar Michigan za ta fito da tutocin su Chris Webber daga ɗakin ajiya

A ɗakin adana kayan tarihi na Bentley da ke Jami'ar Michigan, a garin Ann Arbor na Amurka, akwai wasu tutoci da aka naɗe aka ajiye tun ƙarshen shekarar 2002. Biyu daga cikinsu na tunawa ne da 1992 da 1993, shekarun da ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar sau biyu a jere. A da suna rataye ne a rufin zauren wasa na Crisler, inda duk wanda ya ɗaga kai zai gan su. An sauke su ne saboda laifin ɗan wasa ɗaya daga cikin waɗanda suka kawo su, wato Chris Webber.

Yau sama da shekara ashirin ke nan. Wa'adin hukuncin da aka yanke wa Webber ya daɗe da cika, tsarin da aka hukunta shi a ƙarƙashinsa ya ruguje, jami'ar ma ta koma tana gayyatarsa tana tafa masa. Tutocin ne kawai ba su koma ba. Ya kamata su koma.

Wanda ya saba da yadda ake wasannin jami'o'i a ƙasashen Afirka, inda da wuya labarinsu ya wuce ƙofar makaranta, zai yi mamakin abin da ake jayayya a kai. A Amurka lamarin ya sha bamban. Ƙwallon kwandon jami'o'i babbar kasuwa ce, kuma ta nan mafi yawan taurarin NBA suke fitowa. Ta nan Michael Jordan ya bi, ta nan Hakeem Olajuwon ya bi bayan ya bar Legas ya shiga Jami'ar Houston. Hukumar NCAA ce ke kula da gasar, kuma a lokacin da Webber ya shiga jami'a gidan talabijin na CBS ya riga ya ƙulla yarjejeniyar dala biliyan ɗaya da hukumar domin nuna gasar na tsawon shekara bakwai. Masu horarwa na karɓar albashi mai tsoka, kamfanonin takalma na samu, jami'o'i na samu. Ɗan wasa kuwa doka ta ce ɗalibi ne, hakkinsa karatu kyauta da ɗaki da abinci, ko sisi bai halatta ya karɓa ba saboda wasansa.

A cikin wannan tsari ne wasu samari biyar suka shiga Michigan a 1991: Webber, Jalen Rose, Juwan Howard, Jimmy King da Ray Jackson. Aka laƙaba musu suna Fab Five. A watan Fabrairun 1992 mai horar da su, Steve Fisher, ya fara wasa da su biyar ɗin gaba ɗaya a karawar da suka yi da Notre Dame, dukkansu 'yan shekarar farko, kuma su ne suka ci duk makin da ƙungiyar ta samu a ranar. Sun zo da dogayen wanduna masu faɗi, baƙar safa, baƙin takalmi, ƙwaryar molo, ga baki a fili. Matasa sun rungume su. Wasu daga cikin tsofaffin ɗaliban jami'ar kuwa wasiƙun zagi suka riƙa aikowa, masu cike da wariyar launin fata, kamar yadda shirin da tashar ESPN ta yi a kansu a 2011 ya nuna. Amma zagin bai hana kayan da ke ɗauke da tambarin jami'ar tafiya a kasuwa ba. Riga mai lamba 4, lambar Webber, ana sayar da ita a shaguna, shi kuwa ba ya ganin ko kwabo daga cinikin.

Kofi dai ba su ci ba. Duke ta lallasa su da ci 71 da 51 a wasan ƙarshe na 1992. Na 1993 shi ne wanda har gobe ake maimaitawa a talabijin. A birnin New Orleans, North Carolina na gaba da maki biyu, saura daƙiƙa 11 a tashi, ƙwallo na hannun Webber. Da abokan hamayya suka matse shi a kusurwa sai ya yi alamar neman a dakatar da wasa, alhali ƙungiyarsa ta riga ta cinye damar yin hakan. Alƙalan wasa suka hukunta su, aka tashi 77 da 71. Shekarunsa 20 a lokacin, kuma shi ya fi kowa taka rawa a ɓangaren Michigan a daren, da maki 23. Ba a cika tuna wannan ba.

Daga nan ya tafi NBA a matsayin zaɓi na ɗaya a 1993.

Kuɗin Ed Martin

Abin da ya raba shi da jami'ar ya fito ne daga baya, kuma ta hanyar da ba a zata ba. A 1996 wata motar alfarma da ɗan wasan Michigan Maurice Taylor ke tuƙawa ta kife a hanya. Tambayar inda ɗalibi ya samo irin wannan mota da kuma inda suka fito a daren ita ce ta kai masu bincike gidan wani mutum mai suna Ed Martin, tsohon ma'aikacin kamfanin motoci na Ford a yankin Detroit, wanda ke gudanar da caca ta haramtacciyar hanya. An kori Fisher a 1997. Hukumomin tarayya suka shiga maganar, kuma a 2002 Martin ya amsa laifin haɗa baki wajen halasta kuɗin haram. Takardun tuhuma sun ce ya bai wa 'yan wasan Michigan huɗu jimillar dala 616,000: Webber, Taylor, Robert Traylor da Louis Bullock. Kason da aka danganta wa Webber da iyalinsa shi ne dala 280,000, daga 1988 zuwa 1993.

A lura da shekarar farkon. An haifi Webber a 1973, ke nan yana ɗan shekara 15 ko ƙasa da haka Martin ya fara buɗe masa aljihu, tun bai san jami'ar da zai shiga ba. Babban mutum ne ya hango yaro mai baiwa a unguwa ya fara zuba jari a kansa. Kuma Martin ba baƙo ba ne a wasannin Michigan, tikitin shiga kyauta ma yana samu daga ɓangaren ƙungiyar. Manyan da aka ɗora wa alhakin kula da yaran suna nan lokacin da yake shige da fice.

A watan Nuwamban 2002 jami'ar ta hukunta kanta. Ta soke sakamakon wasanninta na zagayen ƙarshe na 1992 da na ɗaukacin kakar 1992 zuwa 1993 da wasu kakanni na baya, ta mayar wa NCAA kusan dala 450,000, ta sauke tutoci huɗu. Shugabar jami'ar ta lokacin, Mary Sue Coleman, ta bayyana ranar da cewa ranar babban abin kunya ce. A 2003 NCAA ta ƙara da nata: jami'ar ta yanke duk wata hulɗa da 'yan wasan huɗu har tsawon shekara goma.

Ba za a wanke Webber tas ba, kuma masu son yin hakan ba su kyauta wa maganar ba. Ya yi ƙarya a gaban masu binciken kotun tarayya a 2000 game da kuɗin da ke tsakaninsa da Martin. Wannan laifi ne ko da wace irin doka NCAA ke da ita, kuma a lokacin ba yaro ba ne, attajiri ne mai shekara 27. Bayan mutuwar Martin a Fabrairun 2003 shari'ar ta yi rauni, sai ya amsa ƙaramin laifi na raina kotu, ya yarda cewa ya taɓa mayar wa Martin dala 38,200, aka ci shi tarar dala 100,000 tare da aikin hidima ga jama'a. Ya kuma daɗe yana nesa-nesa da abokansa. Bai shiga shirin ESPN na 2011 ba, ya shafe shekaru ba sa ga-maciji da Rose, abokinsa tun ƙuruciya. A wasan ƙarshe na 2013, da Michigan ta kara da Louisville, sauran huɗun sun zauna tare a cikin 'yan kallo, shi kuma yana can sama a ɗakin manyan baƙi. (Louisville ce ta ci wasan, amma a 2018 NCAA ta soke nasarar saboda wata badaƙalar ta daban. Idan aka bi littafin hukumar, gasar 2013 ba ta da zakara.)

Duk da haka, ƙaryar da ya yi kotu ta riga ta hukunta shi a kanta. Sauke tuta hukunci ne na karɓar kuɗi, kuma a nan ne hujjar jami'ar ta yi rauni.

Abin da ya canza

A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da bakin alƙalanta tara gaba ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, wadda ta shafi taƙaita amfanin da ɗalibai 'yan wasa za su iya samu. Kwanaki kaɗan bayan haka, daga 1 ga Yuli, hukumar ta sakar wa 'yan wasa mara su nemi kuɗi da sunansu da hotonsu. Attajiran magoya bayan jami'o'i suka fara haɗa asusu suna biyan 'yan wasa a bainar jama'a. A 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ake kira na House, wanda ya tanadi kusan dala biliyan 2.8 a matsayin diyya ga tsofaffin 'yan wasa, ya kuma bai wa kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekara kai tsaye. Diyyar ba ta koma baya har zamanin su Webber ba. Ɗan wasa mai irin sunan da yake da shi a 1992, da yau ne, abin da zai samu a shekara guda ta halal zai ninka abin da aka ce ya karɓa a shekara biyar.

Gaskiya ne kuɗin Martin na caca ne, kuma ko a yau ba za a yarda da irinsa ba. Gaskiya ne kuma doka doka ce a lokacinta, wasu 'yan wasan sun bi ta suna ji suna gani. Amma idan hukumar da ta kafa doka ta yarda ta biya biliyoyi saboda illar da dokar ta yi, ba ta da bakin ci gaba da riƙe waɗanda suka karya ta a matsayin abin kunya har abada. A ƙwallon zari-ruga na Amurka an riga an nuna hanya: a 2024 aka mayar wa Reggie Bush kyautar Heisman ta 2005 da ya rasa saboda irin wannan zargi.

Sannan tutocin ba na Webber kaɗai ba ne. Howard, King da Jackson ba a tuhume su da komai ba. Rose ya faɗa da bakinsa cewa ya taɓa karɓar 'yan kuɗin kashewa daga Martin, amma sunansa ba ya cikin huɗun da aka hukunta. Akwai kuma sauran 'yan ƙungiyar da ba wanda ke tuna sunayensu, waɗanda suka yi atisaye suka yi gumi kamar kowa. Laifin wani ya shafe musu shekaru biyu mafi daraja a rayuwarsu ta wasa. Traylor, ɗaya daga cikin huɗun, ya rasu a 2011, saura shekara biyu wa'adin ya cika.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne halin jami'ar tun bayan cikar wa'adin a watan Mayun 2013. A Nuwamban 2018 Jim Harbaugh, mai horar da ƙungiyar zari-ruga a lokacin, ya gayyaci Webber a matsayin kyaftin na girmamawa a wasa da Penn State, kuma filin da ke ɗaukar mutum sama da dubu ɗari ya yi masa maraba. A 2019 jami'ar ta ɗauki Howard aikin horar da ƙungiyar ƙwallon kwando, ya riƙe har 2024. A 2021 aka shigar da Webber zauren karrama gwarzayen ƙwallon kwando na Naismith. A Janairun 2024 su biyar ɗin suka hallara a Crisler lokaci guda a wasa da Ohio State, aka ɗauki hotuna, aka yaɗa. Jami'ar tana son hoton, tana son sunan Fab Five da abin da yake jawo mata a idon matasan da take zawarci. Amma rufin da suka zauna a ƙarƙashinsa a ranar ba ya ɗauke da wata alama da ke nuna sun taɓa kai ta wasan ƙarshe. A ci naman kaza a ƙi romonta ke nan.

Masu adawa da mayar da tutocin suna da hujja biyu. Ta farko, wai sai Webber ya fito ya nemi afuwa. Zai yi kyau ya yi, ko don abokansa. Amma sanya wannan a matsayin sharaɗi na nufin a ci gaba da riƙe hakkin mutum goma sha wani abu har sai mutum ɗaya ya sauko daga girman kansa. Ta biyu, wai a littafin NCAA waɗannan wasanni ba su faru ba, don haka ba a rataye tutar abin da aka soke. Wannan ta fi ƙarfi, amma tana da mafita. Zauren na jami'ar ne. Ba abin da zai hana ta ɗinka tuta mai ɗauke da sunayen 'yan ƙungiyoyin 1992 da 1993 ba tare da tambarin hukumar ba, ta kuma kafa allo a ƙofar zauren da ke ba da labarin gaba ɗaya: wasannin ƙarshe biyu, kuɗin Ed Martin, ƙaryar Webber a kotu, da sakacin manyan da suka bar Martin ya zama ɗan gida.

Wataƙila wannan sashe na ƙarshe ne ya fi yi wa hukumomin jami'ar nauyi. Muddin tutocin na naɗe a Bentley, labarin zai ci gaba da zama na wani ɗan wasa da ya ci amanar makarantarsa. Ranar da aka rataye su tare da cikakken bayani, dole sunan jami'ar ya shiga jerin waɗanda suka yi kuskure. A ranar da dokar neman kuɗi ta fara aiki a 2021, Webber ya yi rubutu a Twitter cikin raha yana cigiyar wanda ke riƙe da makullin ɗakin da aka ɓoye tutocin. Makullin yana hannun shugaban jami'ar da majalisar gudanarwarta, kuma ba sa buƙatar izinin Webber kafin su yi amfani da shi.