Mai Riƙe Da Mabuɗi Ma A Sa Masa Ido

ABUJA: A cikin watan Janairu na 2023 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kula da masu taɓin hankali, wadda Majalisar Tarayya ta zartar a 2021. Ita ce ta kau da Dokar Mahaukata ta 1958, wadda tushenta tun 1916 ne, zamanin Turawa. A ƙarƙashin waccan tsohuwar doka, in likita ya ba da shaida, majistare ya sa hannu, sai a kulle mutum, ba ruwan kowa da yardarsa.

Wannan al'amari yakan tuna wa mutum wani littafin ƙagaggen labari da Ken Kesey, mutumin Amurka, ya fitar a 1962, mai suna One Flew Over the Cuckoo's Nest, wanda aka mai da shi fim a 1975. Labarin wani fursuna ne, McMurphy, da ya yi haukan ƙarya don a kai shi asibiti ya huta da aikin gidan yari. Can ya tarar da babbar nas, Ratched, ta mallake marasa lafiya da tsoro da kunyatarwa. Da ya ƙi bin tsarinta, har ya koya wa sauran su riƙa buɗe baki, sai aka gana masa wutar lantarki a ka, daga baya aka yi masa aiki a ƙwaƙwalwa, ya zama ba um ba um-um. Watau magani ya koma horo, don kuwa babu mai bin kadin abin da ake yi a bayan ƙofa.

Kada a ce wannan tatsuniyar Amurka ce. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun shiga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da maza da yara fiye da 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Wata guda bayan haka aka sake ganin irinsa a Daura. Da yawa daga cikinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya.

To, amma gyara ba ya nufin a fasa asibiti a watsar da oda. Mai ciwon da ya yi tsanani yana bukatar a riƙe shi, don kansa da don jama'a. Bijirewa mai amfani ita ce irin ta Dokta Adeoye Lambo na Aro, kusa da Abekuta. A 1954 ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da ɗan'uwansa mai jiyya, ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jika. Duniya ta yaba, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sabuwar doka ta amince cewa mai taɓin hankali yana da haƙƙi kamar kowa. Ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusun kuɗi, da kwamitin da zai saurari ƙorafi. Sai dai doka a takarda ba ta kwance mari. Wajibi ne ma'aikatar ta bayyana wa jama'a inda ake kai ƙara, 'yan majalisa kuma su riƙa tambayar kuɗin da aka zuba. Jihar Ikko ta riga ta yi tata dokar. Ya kamata majalisun jihohin Arewa su yi koyi, tun da yawancin asibitoci a hannun jihohi suke.

Ga 'yan Arewa mazauna Kurmi kuwa, daga Agege da Idi-Araba har Sabon Badun da Shagamu, akwai abin lura. In ɗan'uwa ya fara sambatu, akan yi karo-karo a sa shi a mota a tura gida, sau da yawa kuma a gidan mari yake ƙarewa. Alhali ga asibitin Yaba, mai tarihi tun 1907, ga na Aro. In ma gidan za a kai shi, akwai Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato. Bayan an kwantar da shi, dangi su riƙa ziyara, su tambayi sunan maganin, da dalilin ɗauri in an ɗaure, da ranar sallama. Sarakunan Hausawa da limamai su taimaka da faɗakarwa. Ciwo ne, ba laifi ba.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.