'Yancin ƙasa daga rumbun gari yake farawa

Lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyakokin Benin da Najeriya, ba a daɗe ba farashin buhun shinkafa ya tashi a kasuwannin Yamai da Maraɗi. Kowane magidanci ya gani da idonsa: ƙasar da tukunyarta ke jiran jirgin ruwan Kwatano, cikinta na hannun wani.

Alhali manoman karkara sun daɗe da nuna hanya. Tun shekarun 1980 mutanen jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma cikin gona maimakon a sare shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa haka ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. A yankin Illela na jihar Tawa kuwa, ramukan tassa masu riƙe ruwa da taki sun maida faƙo gonar hatsi. Hannun talaka da al'adar gayya ne suka ɗauki nauyin aikin.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan girbi. Da kaka manomi na sayar da hatsinsa da araha don biyan bashi, da damana ya sake sayen tiya ɗaya da tsada, har ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. Bankin hatsi na gari shi ne maganin wannan: a saya da kaka, a adana, a sayar wa 'yan gari da rangwame lokacin ƙunci. Gaskiya ne da yawa daga cikinsu sun durƙushe saboda rashin lissafi da bashin da ba a biya ba.

Nan ne matasan birni da 'yan ci-rani ke da rawar takawa. Wanda ya yi karatu zai iya riƙe wa ƙungiyar garinsu littafin shiga da fita. 'Yan gari ɗaya da ke Abijan, Akra ko Libiya za su iya haɗa kuɗi da kaka su cika rumbun ƙungiya, su kuma tanadi irin gida da ya saba da ƙasarsu, maimakon aiko kuɗin shinkafa bayan yunwa ta riga ta shiga gida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin 'yan kasuwa su kwashe hatsin bana, ya kamata kowace ƙungiyar 'yan gari ta zauna ta yanke shawarar buhu nawa za ta ajiye.