Likita ya ce zai zuƙo ruwan kunnen yaro? Kada ku gudu da shi

Wata baiwar Allah a zangonmu ta goya ɗanta ta bar asibiti, don likita ya ce zai huda dodon kunnensa da allura ya zuƙo ruwa. Wai kurmanta shi za a yi. Na fahimci tsoronta, amma ta yi garaje.

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan kogo, da siririyar hanya da ta haɗa shi da bayan hanci. A ƙananan yara hanyar gajera ce, a kwance kuma take. Mura kaɗan sai ta toshe, mugunya ta taru, yaro ya kwana kuka yana jan kunne, ga zazzaɓi. Yawanci haska kunnen ya ishi likita: ya rubuta amoxicillin, ko ya ba da maganin zafi a jira kwana 2 zuwa 3.

Allurar sai in magani ya ƙi ci, ko jariri ne sabuwar haihuwa. Ana kai ruwan ɗakin gwaji a gano ƙwayar cutar da maganin da zai kashe ta. Zafin kan sauka, hudar kuma kan rufe da kanta cikin 'yan kwanaki. Mugunyar da aka ƙyale ita ce abin tsoro, don takan kai ga ƙashin bayan kunne.

Mu fatake mun san halinmu: kafso a wannan kasuwa, sirof a waccan tasha. Ku adana kwalayen duk abin da yaron ya sha, ku nuna wa likita. Kunnen da ke tsiyaya kuwa, don Allah ban da ɗiga manja ko nono.